Lita Ɗaya Duk Kwana Goma: Shekara Guda ta Shan Baƙin Mai a Wata Camry Haibirid a Agege

Mai motar da motarsa

Mutumin da za mu bi lamarinsa Bakatsine ne, ya ba arba'in baya kaɗan, yana zaune a Agege da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ya daɗe yana acaba tsakanin Agege da Ikeja, har zuwa ranar 1 ga Yuni 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Dokar ba ta fara da Agege ba, amma fasinjan da ke biya da kyau a Ikeja yake. Sai ya sayar da babur, ya koma tuƙa kawunsa, wani dattijo mai fataucin shanu a mayankar Oko-Oba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta doshi 500 a Legas. A lokacin ne ya fara tambayar direbobi game da mota mai haɗa fetur da lantarki, wadda ake cewa haibirid. A ƙarshen Agusta kawun ya ranta masa kuɗi, ya haɗa da na babur, ya ɗauko Toyota Camry Hybrid ƙirar 2009, tokumbo daga Amurka, irin jikin nan da dillalai ke yi wa laƙabi da Muscle. Mitar tafiyarta tana nuna mil 148,000.

Injinta na fetur mai silinda huɗu ne, lita 2.4, sunansa 2AZ-FXE, kuma yana cin baƙin mai lita 4.3 idan an sauya filta. Yana aiki tare da injinan lantarki biyu da wani babban batir da ke bayan kujerar baya. Motar ba ta da sitata irin wadda aka sani, ɗaya daga cikin injinan lantarkin ne ke tayar da na fetur, ya kashe shi, ya sake tayarwa, sau da dama a tafiya ɗaya. Aikin mai motar shi ne kai 'yan kasuwa filin jirgin Murtala Muhammed, da Mile 12, da Idumota. A mako yakan yi kilomita 700 zuwa 800, rabinsu a cunkoso.

Nuwamba 2023: fitilar da ta ƙifta a Oshodi

An yi wa motar juyen baƙin mai a ƙarshen Satumba. Yaron gareji ya ce masa ya dawo bayan 5,000, bai ce mil ko kilomita ba, shi ma bai tambaya ba. Mitar motar mil take ƙirgawa, kuma mil 5,000 kilomita 8,000 ne.

Mako biyar bayan haka, wajen Oshodi, wata motar haya ta danfo ta shiga gabansa ya taka burki da ƙarfi. Jar fitilar mai ta kawo, ta ɗauke. Da ya sha kwana ta sake kawowa. Ya gangara gefe, ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon mai, ya same ta a bushe ƙamas. Sai da ya zuba kusan lita 3 kafin mai ya kai ɗigon sama. Tafiyar da ya yi tun daga juye kilomita 3,400 ce.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne babu wata alama da ta gabata. Bai taɓa ganin ɗigon mai a inda yake ajiye motar ba, salansa kuma ba ta hayaƙi. Dalilan a fili suke ga wanda ya san motar. Na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana ƙone yawancin shuɗin hayaƙin kafin ya fito. Direba kuma yakan gane ciwon inji ne daga kukansa a tsaye, ita kuwa haibirid a tsaye shiru take yi. Sannan wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Ba ta kawowa sai man ya ragu har famfo ya fara zuƙar iska, wato sai inji ya riga ya ɗanɗana bushewa.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: mai mai kauri

Bakanikensa na unguwa, wanda ya saba gyara motar kawu, ya duba murfin mai ya ga an rubuta 0W-20 da 5W-20.

"Malam, wannan ai ruwa ne," in ji shi. "Na ƙasar sanyi ne. A zafin Legas tsohon inji sai mai nauyi."

Aka juye, aka zuba 20W-50, aka ƙara da gwangwanin maganin nan mai yauƙi kamar zuma da ake sayarwa a bakin hanya. Ba mugunta ba ce, haka aka saba yi wa tsofaffin motoci, kuma a wasu injinan da suka sassauta yakan rage shan mai.

A makonnin farko mai motar ya ji kamar an samu sauƙi, sai dai ba ya rubuta komai, yana ƙari ne kawai duk lokacin da ya tuna. Abin da ya tabbata shi ne sababbin matsaloli biyu. Fetur ɗin da ya saba kai shi kwana huɗu ya fara ƙarewa tun kafin nan. Kuma da asuba, ko bayan doguwar tsayuwa, inji yakan tashi da wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na'urar VVT-i da ke sarrafa lokacin buɗewar bawul da turin mai take aiki, ta ƙananan hanyoyi. Mai mai kauri yakan makara kafin ya isa can. Motar da ake tayarwa sau biyar a wuni za ta iya jurewa, amma wannan tana tashi tana mutuwa a kowace tsayuwar cunkoso daga Agege zuwa Maryland.

A Fabrairu sandar awo ta sake bushewa, wannan karon bayan kwana 20 da cikawa.

Maris 2024: littafin awo

Wani fasinjansa ɗan canji ne ya tura shi wani gareji a bayan Mile 12, wurin wani matashi Bakano da ya ƙware a haibirid. Mai motar ya je da shirin a ce masa a sauke inji. Matashin bai ɗauko sufana ba. Ya leƙa ƙarƙashin motar da tocila, ya juye 20W-50 ɗin, ya zuba 5W-20 da sabuwar filta, ya cika har ɗigon sama daidai, sannan ya miƙa masa ƙaramin littafi na 'yan makaranta.

"Injiniya, littafi zan sha ko motar?" Mai motar ya faɗa da ɓacin rai, don kuɗin juye biyu ke nan cikin wata uku.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ka ce tana sha, na yarda. Amma nawa take sha? In ba mu sani ba, ko na gyara ba za mu san na gyara ba."

Ƙa'idar da ya gindaya mai sauƙi ce. Awo a wuri ɗaya kullum, shimfiɗaɗɗe, bayan an kashe mota da minti biyar. A goge sanda, a mayar, a zaro. Duk ƙarin da aka yi a auna shi da gorar da aka yi wa alama, a rubuta kwanan wata da lambar mita. Mai motar ya zaɓi dandamalin siminti da ke gefen masallacin unguwarsu, kuma da yake watan azumi ne, ya mayar da awon bayan sallar asuba, idan ya zagaya da motar ta ɗumama.

Bayan mako huɗu littafi ya yi magana: lita ɗaya a duk kilomita 1,100. A irin tafiyarsa, lita ɗaya duk kwana goma.

Akwai ma'aunin da za a gwada wannan adadi da shi. A 2011 kamfanin Toyota ya fitar da takardar umarni ga garejinsa a Amurka kan shan mai a injinan 2AZ, kuma Camry Hybrid ta 2007 zuwa 2011 tana cikin jerin. Gwajin da aka tsara shi ne, in inji ya sha fiye da kwat ɗaya a mil 1,200, wato kusan lita ɗaya a kilomita 2,000, a sauya masa fistin da ringi da wasu da aka sake wa ƙira. A 2015 kamfanin ya tsawaita garantin wannan gyara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Motar 2009 ta fita daga wannan rangwame tun 2019, shekaru kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Legas. Tana shan kusan ninki biyu na abin da kamfanin kansa ya ɗauka a matsayin cuta.

Afrilu 2024: gyaran da ba ya cin kuɗi

Matashin ya fara daga mai araha. Gasket ɗin murfin saman inji yana naso, har mai ya taru kaɗan a ramin fulogi ɗaya. Ya sauya shi. Ya cire bawul ɗin PCV, ɗan ƙaramin abin da ke fitar da tururin cikin inji zuwa hanyar iska, ya girgiza shi bai ji motsi ba, datti ya riƙe shi. Idan ya maƙale yakan bar inji ya riƙa zuƙar tururin mai yana ƙonewa. Shi ma aka sa sabo. Filtar iska ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce, fankar da ke sanyaya babban batir ita ma ta cika da ƙura da gashi, duka aka share.

Sakamako bayan mako biyar: lita ɗaya a kilomita 1,300. An samu ragi, amma mafi yawan man ta wata hanya yake tafiya.

Mayu zuwa Agusta 2024: jiƙa fistin

Gwajin matsin silinda a wannan mota sai da kwamfuta, ita ce ke umartar injin lantarki ya juya na fetur. An yi, silinda huɗun suka fito kusa da juna, babu wadda ta faɗi. Da mai motar ya kai wa bakanikensa na unguwa wannan labari, sai ya ce to ai ringi lafiya lau, roban bawul ne ke barin mai yana zubowa cikin silinda daga sama.

Nan ne wurin da mutane da yawa ke ɓata. Kowane fistin ringi uku gare shi. Biyun sama su ke riƙe matsi, su ne gwajin ke aunawa. Na ukun, na ƙasa, aikinsa dabam: yana kankare man da ya fantsamu a bangon silinda, ya tura shi ta wasu ƙananan huji da ke bayansa ya koma kwanon mai. In man ya daɗe ba a juye ba, ko zafi ya dafa shi, yakan zama baƙin dasashi mai tauri, ya toshe hujin, ya manne ringin a cikin raminsa. Daga nan mai ya riƙa kwana a bango, wuta ta cinye shi, tokarsa ta ƙara toshe hujin. Cutar tana ciyar da kanta. Matsi kuwa yana nan daram, man da ya rage a bangon ma yakan taimaka wajen rufe ƙofa, gwaji ya fito da kyau.

Matashin ya zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi. Kan fistin huɗun duk baƙi ne, amma gefunansu a wanke, jiƙe da mai, alamar man daga ƙasa yake hawowa. Bangon silinda babu zurfin karce.

Kafin a kai ga buɗe inji ya ba da shawarar a jiƙa fistin. Aka cire fulogi, aka zuba ruwan narkar da datti a kowace silinda, aka bar shi kwana biyu ana juya inji da hannu lokaci zuwa lokaci. Ya tsaya da kansa har aka zuƙe ragowar ruwan tas kafin a mayar da fulogi, domin injin lantarkin haibirid yana fizgar inji da ƙarfi da sauri fiye da sitata, kuma ruwan da aka manta a silinda zai iya lanƙwasa sandar fistin a juyi ɗaya. Aka yi juye, bayan kilomita 500 aka sake wani.

A Yuni littafin ya nuna lita ɗaya a kilomita 2,200. Mai motar ya yi murna ƙwarai, har ya kai wa matashin tsarabar naman layya. A Yuli adadin ya sauko 1,800. A ƙarshen Agusta ya dawo 1,400.

Satumba 2024: inji tokumbo ko a buɗe wannan

Fitilar inji ta kawo, kwamfuta ta karanta P0420, wato na'urar tace hayaƙi ta fara gazawa. Tokar man da aka daɗe ana ƙonewa ce ke rufe ta. Fulogi biyu sun yi ɓawon toka fari-fari, motar ta fara ɗan karkarwa idan injin fetur ya karɓa daga lantarki. Daga Maris zuwa lokacin, ƙarin man da aka rubuta a littafi ya doshi lita 15, ban da na juye.

Aka zauna a ƙofar gidan kawu bayan isha'i. Shawarar dattijon ita ce wadda kusan kowa a Legas zai bayar.

"Ɗana, inji in an buɗe shi ba ya komawa yadda Bature ya rufe. Ka je kasuwar kayan mota ta Ladipo ka ɗauko tokumbo, kwana biyu ka koma aiki."

"Kawu, na yi wannan tunanin. Amma Injiniya ya ce duk injin da zan samo sa'an wannan ne, fistin ɗinsu ɗaya. Ba a gane mai sha a ƙasa, sai an ɗora an yi tafiya, kuma garantin mako biyu suke bayarwa."

Kawun ya nemi littafin, aka karanta masa shafi bayan shafi. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana lissafin shanu da kuɗin tirela, ya san darajar abin da aka rubuta. Ya yarda a buɗe, bisa sharaɗin a nuna masa tsofaffin kayan da idonsa.

Sayen kayan ya zo da nasa tarkon. A Ladipo wani mai shago ya kawo fistin na Camry ta fetur zalla, injin 2AZ-FE, ya rantse duk ɗaya ne. Faɗinsu ɗaya, za su shiga silinda ba gardama. Amma injin haibirid yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska, don haka aka yi kan fistin ɗinsa dabam, yana matse iska ninki 12.5, na ɗayan kuwa ninki 9.8. Da an ɗora su, da motar ta tashi, ta yi sanyin jiki, ta ci fetur, kuma ba wanda zai gane dalili. Matashin ya ajiye su gefe da gefe ya nuna bambancin, aka mayar. Aka yi odar waɗanda aka sake wa ƙira ta lambar shasin motar, suka iso bayan kwana 19.

Oktoba 2024: abin da aka tarar

Kafin ya taɓa komai sai da ya sa safar roba mai kauri ya zare filogin tsaro na babban batir. Batirin yana ɗauke da kusan bolt 245, kuma wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ratsa ɗakin inji ba abin wasa ba ne.

Da fistin suka fito, ringin ƙasa na uku daga cikin huɗun ya manne a raminsa, sai da aka sa tsinke kafin ya motsa. Hujin da ke bayansa sun cike har ba a ganin inda suke. Na huɗun yana motsi da ƙyar. Ringin sama duk suna yawo yadda ya kamata, daidai da abin da gwajin matsi ya faɗa. An auna silinda, tana cikin iyaka. A kan metal ɗin sandar fistin biyu, wato ƙarfen nan mai santsi da gindin sandar ke juyawa da shi, an ga karce, wanda matashin ya danganta da lokutan nan biyu da sanda ta bushe. Aka sauya metal duka, da fistin, da ringi, da gasket, da fulogi. Tun da kan inji yana ƙasa, aka sauya roban bawul ma, waɗanda suka yi tauri don tsufa.

Motar ta yi kwana 9 a gareji. An kai wa kawu fistin ɗaya a leda, ya juya shi a hannu, ya sa farce a ramin ringin, bai ce komai ba.

Nuwamba 2024 zuwa Afrilu 2025

Juye na farko a kilomita 1,000. Daga nan duk kilomita 5,000, wato mil 3,100 a mitar motar, kuma an rubuta lambar mil ɗin a takarda an manna a gefen sitiyari. Mai 5W-20 ne, daga dila ɗaya da aka sani, don jabun mai ya yi yawa a kasuwa.

Zagaye na farko ya ƙare da ragin kusan rabin lita, lokacin sababbin ringi suna zaunawa. Na biyu da na uku, kusan sulusin lita a kilomita 5,000, ba a yi ƙari ko sau ɗaya ba. Ƙarar tsakuwar asuba ta tafi tun ranar da aka bar mai mai kauri, ba ta dawo ba.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

A ganina gyaran da ya fi kowane tasiri shi ne na Maris, wanda ba a kwance ko noti ɗaya ba. Ba don littafin ba, ragin Afrilu zai zama kamar nasara, na Yuni kuma zai zama kamar waraka, mai motar ya daina duba sanda, ya sake bushewa a kan gada cikin damina. Littafin ne kuma ya shawo kan kawu.

Mai mai kauri bai taɓa cutar ba, domin ba sassauci ne matsalar ba, toshewa ce. Watanni ukun nan sun ci fetur, sun wahalar da inji a kowane tashi, kuma ba su buɗe huji ko ɗaya ba. PCV da gasket gyara ne na gaskiya ga ƙaramin ɓangare na asarar, kuma daidai ne a fara da su. Jiƙa fistin ban ɗauke shi ɓata kuɗi ba. Ya saki ringin na ɗan lokaci, wanda hakan ya tabbatar da inda ciwon yake, sai dai bai iya huda dasashin da ya shekara yana tauri ba. A motar da ba ta kai wannan mataki ba, da zai iya ɗorewa fiye da haka.

Akwai abin da dole a faɗa don adalci ga bakaniken unguwa. An sauya roban bawul tare da fistin a rana ɗaya, saboda haka ba za a iya raba ladan kowanne ba. Ringin da aka gani a manne shi ne babbar shaida, amma mai yiwuwa maganarsa tana da nata kason.

Ƙirar fistin daga masana'anta ta zo, amma Legas tana ƙara mata nauyi ta hanyar da mita ba ta nunawa. A cunkoso da na'urar sanyi a kunne, batir ne ke ɗaukar nauyi, in ya yi ƙasa inji ya tashi ya caja shi, motar tana tsaye. Batir mai shekara 15 ba ya riƙe wuta kamar da, don haka inji yakan tashi akai-akai. Sa'o'in aikin mai suna taruwa, lambar mita ba ta motsi. Shi ya sa kilomita 8,000 tsakanin juye da juye ya yi wa wannan mota yawa.

Har zuwa Afrilu 2025 fitilar P0420 tana kawowa lokaci zuwa lokaci, don na'urar tace hayaƙin ba ta farfaɗo ba. An ba shi shawarar a fasa ta a zubar da cikinta, ya ƙi, yana tara kuɗin wata. Kwamfuta kuma ta nuna ɓangarori biyu na babban batir sun fara ja da baya. Ya buɗe musu shafi a ƙarshen littafin.